An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Farautar "Jajaye" a Amurka Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya

A daren 2 ga Yunin 1919 bama-bamai suka tashi a birane takwas na Amurka kusan lokaci guda. Ɗaya a ƙofar gidan Antoni-Janar na ƙasar ya tashi, wato A. Mitchell Palmer, a birnin Washington. Gaban gidan ya rugurguje, tagogin maƙwabta suka tarwatse, har da na gidan da ke kallonsa, inda Franklin Roosevelt ke zaune da iyalinsa tun kafin ya zama shugaban ƙasa. Palmer da iyalinsa sun tsira. Wanda ya ɗauko bam ɗin, wani Ba'italiye mai suna Carlo Valdinoci, shi ne ya mutu, domin tare da shi abin ya tashi. Ƙasa da wata biyu kafin nan an aika wa manyan jami'ai, alƙalai da attajirai ƙunshin bam sama da 30 ta gidan waya. Yawancinsu an tare su a hanya, amma ɗaya ya isa gidan wani tsohon sanata a jihar Georgia, ya cire wa 'yar aikin gidan hannuwa.

Dole a faɗi wannan da farko, saboda masu ba da labarin abin da ya biyo baya sukan nuna kamar Amurkawa sun firgita ne haka kawai. Akwai dalilin tsoro. A Nuwamban 1917 'yan Bolshebik, wato 'yan kwaminis ƙarƙashin jagorancin Lenin, waɗanda ake wa laƙabi da "Jajaye", sun ƙwace mulki a Rasha. A farkon 1919 'yan kwaminis sun yi yunƙurin kifar da gwamnati a Berlin, a Hungary ma sun riƙe mulki na 'yan watanni. A Moscow an kafa ƙungiyar kwaminis ta duniya a watan Maris, kuma ba ta ɓoye cewa juyin juya hali take nema a kowace ƙasa ba. Mutumin da ya karanta wannan a jarida da safe, ya ji ƙarar bam da daddare, ba za a ce masa matsoraci ba. Gwamnatin da ta naɗe hannu a irin wannan hali ta ci amanar jama'arta.

Abin da nake ja a kai shi ne abin da gwamnatin ta yi da wannan tsoro. A ganina samamen da tarihi ya laƙaba wa sunan Palmer bai cancanci a kira shi aikin tsaro ba ko kaɗan, kuma hujjata mai sauƙi ce: a duba su wa aka kama, a kuma duba su wa aka bari.

Waɗanda suka dasa bama-baman, bisa abin da bincike ya nuna, mabiyan wani mutum ne mai suna Luigi Galleani, ƙaramin gungu na Italiyawa masu aƙidar rushe kowace irin hukuma, waɗanda suka yarda da zubar da jini. Ba 'yan kwaminis ba ne, kuma ba Rashawa ba ne. Galleani kansa an tasa ƙeyarsa zuwa Italiya 'yan makonni bayan harin, ba tare da an gurfanar da shi kan bama-baman ba. To amma da Palmer ya tashi nuna wa ƙasa cewa ya farka, sai ya nufi Ƙungiyar Ma'aikata Rashawa. Ranar 7 ga Nuwamban 1919, wadda aka zaɓa da gangan don ta dace da cikar shekara biyu da juyin Rasha, jami'ansa suka kai samame a birane 12. A New York sun afka wani gini da baƙi Rashawa ke taruwa, inda da yawansu karatun dare ne ya kai su, masu koyon Turanci da lissafi. Aka sauko da su daga bene da duka, wasu kai a fashe, aka kwashi kimanin mutum 200. Yawancinsu an sake su bayan tambayoyi, domin babu abin da aka samu.

Jaridu suka yi ta tafi. Ga Majalisar Dattawa da ma ta matsa wa Palmer lamba tun watan Oktoba, tana tambayarsa me ya yi. Ga Shugaba Woodrow Wilson kwance, ciwon shanyewar jiki ya kama shi a wannan watan, babu mai taka wa kowa birki. Ga zaɓen 1920 na tafe, kuma Palmer na da ido a kan kujerar shugaban ƙasa. Ranar 21 ga Disamba aka zuba mutum 249 a wani tsohon jirgin ruwan soja mai suna Buford, cikinsu har da Emma Goldman da Alexander Berkman, fitattun masu aƙidar rushe hukuma, aka nufi Finland da su don a miƙa wa Rasha.

Babban samamen ya zo ranar 2 ga Janairun 1920, a birane sama da 30. Aƙalla mutum 3,000 aka tsare, wasu ƙiyasin kuma sun kai adadin waɗanda aka kwasa har 10,000. Wannan karon jam'iyyun kwaminis biyu da aka kafa a Chicago 'yan watanni kafin nan aka sa a gaba. Yadda aka shirya abin ya isa a tsaya a kansa. An umarci 'yan leƙen asirin gwamnati da ke cikin jam'iyyun su yi ƙoƙari a kira taruka a wannan daren, don a sami mutane wuri guda. Duk wanda aka tarar a zauren, da mai takardar kamu da marar ita, da ɗan ƙasa da baƙo, da wanda ya zo rawa ko cin abinci, mota. A Detroit an cusa kimanin mutum 800 a wani lungun bene marar taga a ginin gwamnatin tarayya, suka yi kwanaki suna kwana a ƙasa. A Boston an jera ɗaruruwa cikin sarƙa an bi da su kan titi zuwa tashar jirgin ruwa, 'yan jarida na ɗaukar hoto. A garin Lynn an kama mutum 39 da suka taru don kafa gidan burodi na haɗin gwiwa. A Hartford kuwa, wanda ya zo gidan yari duba ɗan'uwansa shi ma sai a riƙe shi, tunda ai ziyarar ta nuna nasu ne. Makaman da aka samu a duk wannan gagarumin aiki ba su wuce 'yan ƙananan bindigogi ba.

Akwai wata dabara a ƙarƙashin wannan da ba kowa ke lura da ita ba, kuma ita ce ta fi damuna. Palmer lauya ne, ya san ba shi da abin da zai kai gaban alƙali. Dokokin lokacin yaƙi, wato dokar leƙen asiri ta 1917 da gyaran da aka yi mata a 1918 mai hukunta zagin gwamnati, an yi su ne don halin yaƙi, kuma an tsagaita wuta tun 11 ga Nuwamban 1918. Ya roƙi majalisa ta ba shi makamanciyarsu ta lokacin zaman lafiya, bai samu ba. Sai ya koma ga dokar shige da fice ta Oktoban 1918, wadda ta ba da damar korar duk baƙon da ke cikin ƙungiyar da ke kiran kifar da gwamnati da ƙarfi. Korar baƙo a tsarin Amurka ba shari'ar laifi ba ce, aikin ofis ne. Babu alƙali, babu masu taya alƙali yanke hukunci, ba sai an tabbatar ka aikata komai ba. Sunanka a rajistar ƙungiya ya wadatar. Kwana uku kafin samamen Janairu ma sai da aka gyara ƙa'idar da ta ce a sanar da wanda aka kama haƙƙinsa na ɗaukar lauya tun farkon sauraron batunsa, aka mayar da ita sai bayan gwamnati ta gama tatsar abin da take so daga bakinsa. Wato an fara neman mutanen da doka ba ta kare su sosai, sannan aka ɗora musu laifin. Baƙo ma'aikacin masana'anta, marar Turanci, marar ƙuri'a, marar kuɗin beli, shi ne mafi arhar wanda za a kama.

Kuma kalmar "Ja" ba ta tsaya kan baƙi ba. Shekarar 1919 ta yajin aiki ce, kimanin ma'aikata miliyan 4 suka ajiye aiki, wato kusan ɗaya cikin biyar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: farashin kaya ya kusa ninkawa tun farkon yaƙi, ga sojoji sun dawo suna neman aiki, ga ma'aikatan ƙarfe da yawa na yin awa 12 a rana. A Seattle ma'aikata kimanin 65,000 sun tsayar da birnin cik na 'yan kwanaki a Fabrairu cikin lumana, magajin garin Ole Hanson ya ce juyin Bolshebik ne ya murƙushe, ya ajiye muƙaminsa ya shiga yawon lacca yana karɓar kuɗi. 'Yan sandan Boston da suka yi yaji kan albashi da haƙƙin kafa ƙungiya an kira su wakilan Lenin, aka sallame su. Masu kamfanonin ƙarfe sun gane da wuri cewa ya fi sauƙi a ce ma'aikata 350,000 'yan kwaminis ne da a zauna a tattauna awannin aiki da su. Ko tarzomar ƙabilanci ta wannan bazarar, da ta ci mutum 38 a Chicago kaɗai, an sami masu cewa Bolshebik ne ke zuga baƙar fata, kamar mutumin da ake ƙone wa gida yana buƙatar wani daga Moscow ya gaya masa ana zaluntarsa.

Har majalisu abin ya shiga. Majalisar Wakilai ta hana Victor Berger, ɗan jam'iyyar gurguzu ta Socialist (wadda ba ta kwaminis ba ce) daga Milwaukee, kujerarsa; mutanensa suka sake zaɓensa, aka sake hana shi. Majalisar jihar New York ta kori zaɓaɓɓun mambobi biyar na jam'iyyar gurguzu, jam'iyyar da doka ta amince da ita. A nan ne wasu masu ra'ayin riƙau suka fara dawowa hayyacinsu. Charles Evans Hughes, wanda ya yi wa jam'iyyar Republican takarar shugaban ƙasa a 1916, ba mai ƙaunar gurguzu ba ne ko da wasa, amma ya fito ya yi tir da korar. Hankali ma ya isa ya nuna dalili: kana gaya wa masu tsattsauran ra'ayi su bar bam su bi akwatin zaɓe, sun bi, sun ci, ka kore su. Wace hujja ka bar wa mai sassaucin cikinsu a gaban mai zafin kai?

Za a ce mini, kuma na san za a ce, ai magana na da sauƙi ga wanda ba a jefa wa gidansa bam ba. Wani zai ƙara da cewa bayan samamen jam'iyyun kwaminis sun shige ƙarƙashin ƙasa, mambobinsu sun ragu ƙwarai, juyin juya hali bai faru ba, don haka magani ya yi aiki ko da da ɗaci. Kashin farko gaskiya ne, jam'iyyun sun karye. Amma ƙungiyoyi ne masu mambobi 'yan dubun-dubata a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, yawancinsu baƙi da ba sa jin harshen ƙasar, kuma tun ranar kafuwarsu suna rigima da juna. Ba su da soja, ba su da makami, manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun tsane su. Ba za ka karɓi ladan hana abin da da ma ba shi da hanyar faruwa ba. Ainihin barazanar kuwa, masu bam, me ya same su? Jami'ai sun bi sawun takardar da aka watsa a wuraren harin Yuni har zuwa wata maɗaba'a a Brooklyn, wanda shi ne aikin bincike na gaske guda da za a iya nunawa. Suka riƙe wani ma'aikacin wurin, Andrea Salsedo, makonni a ofishinsu a hawa na 14 ba tare da an kai shi kotu ba, har ranar 3 ga Mayun 1920 aka tsinci gawarsa a kan titi, ya faɗo daga taga. Da shi zaren binciken ya tsinke. Ranar 16 ga Satumba, wata takwas bayan an ce an share ƙasa daga miyagu, wani keken doki maƙare da nakiya ya tashi da tsakar rana a titin Wall Street na birnin New York, gaban bankin Morgan, ya kashe mutum 38. Wannan ya fi duk hare-haren 1919 muni nesa ba kusa ba, kuma har yau ba a hukunta kowa a kansa ba. Duk wanda ya zauna a garin da bam ya taɓa tashi, ya ga yadda ake zuwa washegari a kwashe samarin unguwa a mota, ya san wannan lissafin ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ya tsayar da Palmer shi ne ɓangaren labarin da na fi so, wataƙila don babu wani armashi a cikinsa. Ikon sa hannu kan takardar kora ba a ma'aikatar shari'a yake ba, a ma'aikatar ƙwadago yake. A watan Maris na 1920 ministan ba ya ofis, aikin ya faɗo hannun mataimakinsa, Louis F. Post, dattijo ɗan shekara 70, tsohon ɗan jarida. Post ba waliyyi ba ne, shi ya sa hannu kan korar Emma Goldman, kuma ya ci gaba da sa hannu kan duk wanda ya ga doka ta hau kansa. Abin da ya yi daban shi ne ya zauna ya buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ya karanta. Ya tarar da mutanen da aka kwashi sunayensu daga rassan tsohuwar jam'iyyar gurguzu aka zuba a rajistar kwaminis ba da saninsu ba. Ya tarar da waɗanda suka shiga don zauren na da makarantar dare ko ƙungiyar kiɗa. Ya tarar da bayanan da aka karɓa ba lauya, ba tafinta na kirki. Ya soke takardun kamu sama da 2,000. 'Yan majalisa suka taso za su tsige shi, suka kira shi gaban kwamiti a watan Mayu, ya je ya yi musu bayani dalla-dalla har maganar tsigewar ta mutu. A ƙarshe, cikin dubban da aka kwasa, 556 aka kora daga ƙasar.

Sauran ya biyo baya da sauri. Palmer ya yi shelar cewa ranar 1 ga Mayu za a yi gagarumin tashin hankali, aka zuba 'yan sanda da sojoji a manyan birane, ranar ta zo ta wuce ko kaza ba a taka ba, jaridun da suka yi masa tafi suka koma yi masa dariya. Manyan lauyoyi 12, cikinsu har da Felix Frankfurter da Roscoe Pound na jami'ar Harvard, suka fitar da rahoto kan haramtattun ayyukan ma'aikatar shari'a. A Boston Mai Shari'a George Anderson ya saki wasu daga cikin tsararrun, ya kuma rubuta a hukuncinsa cewa gungun 'yan tarzoma gungun 'yan tarzoma ne, ko da jami'an gwamnati ne masu bin umarnin ma'aikatar shari'a. Palmer bai sami tikitin jam'iyyarsa ba. Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu da aka ɗaure shekara 10 kan jawabin adawa da yaƙi da ya yi a Canton ta jihar Ohio, ya tsaya takara daga kurkukun Atlanta ya sami ƙuri'a sama da 900,000. Wilson ya ƙi sakinsa. Warren Harding, ɗan Republican, shi ya sake shi a Kirsimetin 1921.

Amurkawa sukan ba da wannan labari a matsayin shaidar cewa tsarinsu na gyara kansa. Ni ban gamsu ba. Wanda aka kora an kore shi, matar da aka bari da yara ba mai ciyarwa babu wanda ya biya ta diyya, kuma ba a hukunta jami'i ko ɗaya ba. Gyaran ya rataya ne a kan sa'a, cewa fayilolin sun faɗo teburin mutumin da zai karanta su. Ƙyamar baƙi da aka hura ba ta mutu ba, ta zama doka a 1924, lokacin da aka taƙaita shigowar mutanen kudanci da gabashin Turai ƙwarai. Shari'ar Sacco da Vanzetti, Italiyawa biyu masu aƙidar Galleani da aka kama a Mayun 1920 kan fashi da kisa aka kuma zartar musu da hukuncin kisa a 1927, a cikin wannan iskar aka yi ta, shi ya sa har yau ake gardamar adalcinta.

Sannan akwai wanda ya tsara samamen a aikace. A Agustan 1919 Palmer ya buɗe wani sashe na tattara bayanan masu tsattsauran ra'ayi, ya damƙa shi ga wani matashin lauya ɗan shekara 24 da ya taɓa aiki a ɗakin karatu na majalisa, ya ƙware wajen jera kati. Sunansa J. Edgar Hoover. Shi ya haɗa jerin sunayen, shi ya nemi takardun kamu, ya je bakin ruwa da kansa ya ga tashin Buford. A Oktoban wannan shekarar ya rubuta takarda kan Marcus Garvey, ɗan Jamaica mai fafutukar 'yancin baƙar fata, yana takaicin cewa mutumin bai karya wata dokar tarayya da za a kore shi da ita ba tukuna. An ci gaba da nema har aka samu: aka ɗaure Garvey kan zamba ta gidan waya, aka tasa ƙeyarsa a 1927. Da ruwa ya ƙare wa Palmer, Hoover ya ja jiki ya nuna shi ɗan aike ne kawai. A 1924 sabon Antoni-Janar, Harlan Stone, ya naɗa shi shugaban hukumar bincike bisa sharaɗin ta fita daga bin diddigin ra'ayin siyasar mutane. Katunan ba a ƙone su ba. Hukumar ta zama FBI a 1935, da guguwar tsoron kwaminisanci ta biyu ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Sanata Joseph McCarthy, Hoover na nan da akwatunansa, kuma da zargin alaƙa da kwaminis ɗin ne ya sa aka dasa wa Martin Luther King na'urar sauraro a shekarun 1960. Bai bar kujerar ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a 1972, bayan shekara 48.